Abin da Harshe Ya Ƙi Ɗanɗanawa

Akwai wata da'awa da masana giyar inabi ta Ostireliya suka daɗe suna yi, sun maimaita ta har ta zame musu kamar hadda: wai duk wanda ya horar da hancinsa da harshensa, in aka zuba masa kurɓi guda a kofin gilashi, zai ɗanɗana ƙasar da inabin ya tsiro a cikinta. Wai jar ƙasar Coonawarra tana cikin kofin, zafin ranar kwarin Barossa yana ciki, iskar teku mai sanyaya gonakin Margaret River ita ma ba a bar ta a baya ba. Sun aro wa wannan da'awa suna daga Faransanci, suna ce mata terroir, wato dukkan halin wuri, tun daga turɓayarsa har zuwa raɓarsa, kamar yadda yake bayyana a cikin abin da aka noma. Daga nan sai su zarce zuwa kashi na biyu na sana'ar, wato neman mahaɗi: wace giya ce ta dace da gasasshen naman rago, wacce ce za ta bi kifi, wacce za a adana sai an kawo cuku. A kan wannan ake wallafa littattafai, ake raba lambobin zinariya a gasannin Adelaide da Sidni da Melbon, ake kuma lodin baƙi a motoci ana kewayawa da su gona-gona, suna shinshina, suna kurɓa, suna tofarwa.

Da wannan da'awa nake jayayya. Ni ba na shan giya, don haka mai karatu zai iya zaton da hujjar addini zan fito. Na ajiye ta gefe, domin waɗanda nake ja da su ba su ɗauke ta ma'auni ba, kuma ba a kayar da mutum a kokawar da bai shiga ba. Da mudunsu zan auna su. Sun ce ƙasa suke ɗanɗanawa. Ni kuwa na ce ɗan ɓangaren da ya yi musu daɗi suke lasa, su janye harshe daga sauran, kuma a cikin sauran nan akwai kogin da ke ƙafewa, da manomin da bashi ya danne, da mutanen da aka ƙwace wa ƙasar tun farko.

Bari in fara ba su haƙƙinsu, don ba duk maganarsu ce shaci-faɗi ba. Jar giya tana ɗauke da wani sinadari da ake kira tanin, wanda ke fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa. Shi ne ke kama furotin ɗin da ke cikin miyau, ya bar baki a bushe. Duk wanda ya taɓa tauna goro, ko ya kurɓi shayin da ya daɗe a kan wuta, ya san wannan bauri. Kitsen nama da furotin ɗinsa suna lafar da shi, shi ya sa suke haɗa Shiraz ta Barossa da naman sa, Cabernet ta Coonawarra da naman rago. Farar giyar Riesling ta kwarin Clare tsami ne da ita, tana yanke maiƙon soyayyen kifi kamar yadda lemun tsami ke yi. Barasa mai ƙarfi tana ƙara wa barkono raɗaɗi, saboda haka suke hana a haɗa ta da abinci mai yaji. A kwarin Hunter, arewa da Sidni, ana tsinke inabin Semillon tun bai gama nuna ba, a yi giya mai tsami marar ƙarfi, wadda in ta shekara goma a kwalba sai ta riƙa ƙanshin zuma da gasasshen burodi alhali ba ta taɓa shiga gangar katako ba. Ƙanshin masoro da suke cewa suna ji a wasu nau'o'in Shiraz ma ba mafarki ba ne. A 2008 masu bincike na cibiyar nazarin giyar inabi da ke Adelaide suka wallafa cewa sun gano sinadarin da ke kawo shi, rotundone, kuma shi ɗin ne dai ke cikin masoro. Cibiyar ta kuma nuna cewa inabin da aka shuka kusa da bishiyar turare yana kwasar ƙanshinta, musamman idan ganyenta ya faɗa cikin girbi.

Wannan duka ilimi ne, ban musa ba. Sai dai kashin bayansa bai wuce abin da kowace uwargida ta sani ba, cewa miya mai maiƙo tana son ɗan tsami, abu mai bauri kuma yana son kitse. Abin da aka ɗora a kan wannan ɗan tushe shi ne ya fi ƙarfin tushen. Binciken nan na masoro da kansa ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙanshin rotundone ko kaɗan, komai yawansa. Ke nan a teburin mutum goma, biyu suna gyaɗa kai ne kawai don kada a ce musu ƙauyawa. A Faransa kuwa, uwar gidan wannan sana'a, an yi wani gwaji a Bordeaux da aka wallafa a 2001: an ba ɗalibai 54 masu nazarin giya farar giyar da aka rina ja da launi marar ɗanɗano, sai ga su suna siffanta ƙanshinta da kalmomin da aka keɓe wa jar giya. Ido ne ya yi hukunci, hanci ya bi shi a baya.

Tarihin giyar da Ostireliya ta fi alfahari da ita ma shaida ne a kansu. A 1951 Max Schubert, mai haɗa giya na kamfanin Penfolds, ya fara gwajin wata Shiraz da ya yi niyyar ta daɗe a kwalba, ya sa mata suna Grange. Da aka gabatar da ita ga masana, suka kushe ta tas, har shugabannin kamfanin suka umarce shi a 1957 ya daina. Bai daina ba, ya ci gaba a ɓoye a rumbun ƙarƙashin ƙasa na Magill, sai a 1960 aka sahale masa. Yau farashin kwalba guda ya kai dala 1,000 ta Ostireliya, kuma magadan waɗancan masana su ne ke rantsuwa da ita. Haka nan a tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta biya manoman jihar Ostireliya ta Kudu kuɗi su tumɓuke itatuwan inabinsu saboda kasuwa ta cika, aka tumɓuke tsofaffin Shiraz da Grenache na Barossa, wasunsu sun haura shekara 100. Waɗanda suka tsira daga gatari su ne yanzu ake ɗaukar hotonsu ana mannawa a jikin kwalba, ana cewa tsufansu ake ji a baki. A lokacin da ake tumɓuke 'yan'uwansu, ina waɗannan harsuna masu kaifi suke?

Amma duk wannan ƙaramin laifi ne, kuma da a nan abin ya tsaya da na bar kaza cikin gashinta. Mutum ya yaudari kansa a kan ƙanshin masoro ba ya cutar da kowa. Babban zargina ya fara ne daga ranar da ƙasar ta shiga kofin da gaske.

A ƙarshen 2019 da farkon 2020 gobarar daji ta cinye miliyoyin hekta a Ostireliya bayan shekaru na fari. Wutar Cudlee Creek kaɗai, a Disambar 2019, ta lashe kusan kashi ɗaya bisa uku na gonakin inabi na tuddan Adelaide. Gonakin da wuta ba ta kai gare su ba, hayaƙi ya kai. Sinadaran hayaƙi suna ratsa ɓawon inabi su maƙale da sukarin da ke ciki, su kwanta shiru, sai an matse an tsima sannan su fito, wani lokaci ma sai giyar ta haɗu da miyau a baki kafin mai sha ya ji ƙaurin toka a maƙogwaronsa. A kwarin Hunter akwai tsofaffin gidajen giya da suka bar mafi yawan amfanin wannan shekara bai shiga kwalba ba. To, a duba da kyau. Idan da gaske sana'ar nan neman halin wuri ce, babu shekarar da wurin ya bayyana halinsa ƙarara kamar wannan: busasshiyar nahiya mai ƙara zafi, wadda dajinta ke ci da wuta. Ƙasa ta yi magana da babbar murya, sai masana suka sa wa maganarta suna aibi, aka zubar. Ban ce a tilasta wa kowa shan toka ba. Cewa na yi, wanda yake zaɓar abin da zai karɓa daga ƙasa ya daina kiran kansa mai sauraronta.

Daga nan sai mu tambaya: wannan giya ta Ostireliya da ake magana, a ina ake nomanta? Mai karanta mujallun ɗanɗano zai rantse daga Barossa da Hunter da Margaret River take fitowa. Gaskiyar ita ce fiye da kashi biyu bisa uku na inabin da ake matsewa a ƙasar yana fitowa ne daga yankuna uku masu zafi da ke can cikin ƙasa, Riverland da Riverina da gaɓar Murray wajen Mildura da Swan Hill, inda ruwan sama bai isa ya raya itacen inabi ba, sai da ban-ruwa. Wasu 'yan'uwa biyu haifaffun Kanada, George da William Chaffey, su suka kafa garuruwan ban-ruwa na Renmark da Mildura a 1887, suka jawo kogin Murray zuwa busasshen fili. Yellow Tail, giyar nan mai hoton dabbar da ta yi kama da kangaru, wadda ta mamaye kasuwar Amurka jim kaɗan bayan fitowarta a 2001, daga Yenda take a yankin Riverina. Amma a jikin mafi yawan irin waɗannan kwalabe ba za ka ga sunan yankin ba. Abin da za ka gani shi ne «Kudu maso Gabashin Ostireliya», sunan da doka ta amince da shi, wanda ya haɗiye jihohi uku sukutum da ɓangarorin wasu biyu. Masu cewa wuri shi ne komai, su ne suka ƙirƙiro suna mai faɗin da ba ya nuna ko'ina.

Kogin kuwa yana biyan kuɗin. Kwarin Murray da Darling ya fi murabba'in kilomita miliyan ɗaya, kusan kashi ɗaya bisa bakwai na nahiyar. An raba ruwansa fiye da kima shekara da shekaru, har lokacin dogon farin da ya buɗe wannan ƙarni ya zamana sai da injinan yashe rairayi, tun daga 2002, ake iya buɗe bakin Murray don ya isa teku. A 2012 aka zartar da shirin ceto kwarin, aka ware masa kusan dala biliyan 13, amma hakan bai hana matattun kifaye rufe ruwan Darling a Menindee a farkon 2019 ba, aka kuma maimaita a Maris na 2023 da adadin da ya kai miliyoyi. Adalci ya sa in faɗa cewa inabi ba shi ne babban mai zuƙar ruwan ba. Auduga da ciyawar shanu da itacen almon sun fi shi. Amma auduga ba ta taɓa cewa ita waƙar yabon ƙasa ce ba. Giyar inabi ce ta yi wannan iƙirari, don haka ita za a tambaya. Kuma a nan ma, idan gishirin da ban-ruwa ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ya ratsa jijiya ya kai ga inabi, giyar ta yi zartsi, sunansa aibi. Hayaƙi aibi, zartsi aibi, masoro da zuma kuwa halin ƙasa.

Sai manomi. A 2020, bayan gwamnatin Ostireliya ta nemi a binciki asalin annobar korona, dangantakarta da Sin ta yi tsami. A watan Nuwamba Sin ta ɗora wa giyar Ostireliya harajin shigo da kaya, wanda a Maris na 2021 ya kai kashi 218 cikin ɗari a kan wasu kamfanoni. Kasuwar da ke sayen giyar fiye da dala biliyan ɗaya a shekara ta rufe kamar an ja ƙyaure. Giya ta taru a tankuna har ta haura lita biliyan biyu, sai kamfanoni suka daina neman inabi. Matsakaicin farashin tan ɗaya na jan inabi a yankunan ban-ruwa ya faɗo zuwa kusan dala 300 a 2023, ƙasa da rabin yadda yake a 2020, kuma ga da yawa bai kai kuɗin nomansa ba. A lissafa: kwalbar Grange guda ta fi tan uku na inabin Riverland tsada, alhali tan guda kan cika kwalabe wajen 900. Manoma suka bar inabi yana ruɓewa a jikin itace, wasu suka sa buldoza suka tumɓuke gonakin da kakanninsu, 'yan ci-rani daga Italiya da Girka, suka shuka. A farkon 2024 suka fito da taraktocinsu kan titin Renmark don a ji kukansu. Sin ta janye harajin a ƙarshen Maris na wannan shekara, manyan kwalabe suka koma kan teburan Shanghai, amma duniya ta riga ta rage shan jar giya mai araha, kuma shi manomin ban-ruwa ita ce sana'arsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A duk tsawon waɗannan shekaru shafukan ɗanɗano ba su fasa ba da maki 95 da 97 ba, ba su fasa muhawara a kan wace giya ce ta fi dacewa da naman agwagwa ba.

Yanzu zan zo ga abin da ya fi ci mini rai, kuma kalmar tasu ce za ta kai mu. Terroir ta samo asali ne daga kalmar Latin terra, wato ƙasa. Jar turɓayar Coonawarra da ke kwance bisa farin dutse, wadda ake kirari da ita, sunanta terra rossa. Akwai kuma terra ta uku a tarihin Ostireliya da ba a rubutawa a bayan kwalba: terra nullius, ƙasar da ba ta da mai ita. Wannan ita ce ƙaryar shari'a da aka jingina mamayar Birtaniya a kanta, kuma ba a rushe ta ba sai a 1992, a hukuncin babbar kotun ƙasar kan ƙarar Eddie Mabo. Itacen inabi ya sauka a nahiyar ne tare da jiragen farko na Gwamna Arthur Phillip a 1788, a cikin kayan masu mamaya. James Busby ya ƙaro ɗaruruwan iri daga Faransa da Sifaniya a farkon shekarun 1830. Jamusawa mabiya ɗariƙar Luther suka zauna a Barossa a shekarun 1840. Kowane ɗalibin giya ya haddace waɗannan sunaye. Nawa ne daga cikinsu suka san cewa Barossa ƙasar Peramangk da Ngadjuri da Kaurna ce, Hunter ta Wonnarua, Margaret River ta Wadandi? Mutanen nan sun zauna a nahiyar fiye da shekara 50,000. Ana yi wa itacen da aka shuka a 1843 kirari da tsufa, ana cewa jijiyarsa ta san sirrin ƙasa, a kan filin da masu shi suka san kowace rijiya da kowane tsiro nasa tun kafin a fara noman inabi a ko'ina a duniya.

Abin takaicin shi ne yanzu an waiwayo su, amma ta ƙofar kicin. Sabon yayi a manyan gidajen cin abinci shi ne haɗa giya da abincin daji na 'yan asalin ƙasa: naman kangaru da Shiraz, ɗan siririn lemun daji da Riesling, ganyen gishiri, garin 'ya'yan ƙaya da ake gasawa ya yi gardi, da ɗan itacen Kakadu. Ana tallata wannan a matsayin ɗanɗanon Ostireliya na haƙiƙa. Ilimin sanin wane tsiro ake ci, yaushe ake tsinkarsa, yaya ake kashe dafinsa, na Aborijinawa ne, amma kason da ke hannunsu a cinikin wannan abinci ɗan ƙanƙane ne. A kwarin Murray da Darling, inda ruwa ya zama haja mai takardar mallaka da ake saye da sayarwa, abin da al'ummominsu suka mallaka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ngarrindjeri na bakin kogi da Barkandji na gaɓar Darling suna kallon ruwansu yana wucewa ta bututu zuwa gonar wani. An ɗauke ƙasar, an ɗauke ruwan, yanzu kuma an dawo ɗaukar kayan miyar.

Akwai wata giyar Ostireliya da babu mujallar da ke nema mata mahaɗi, ga shi kuwa ƙirƙirar ƙasar ce ta kanta. A 1965, a garin Renmark ɗin nan dai, Thomas Angove ya yi rajistar dabarar zuba giya a jakar leda a saka cikin kwali. Daga baya aka ƙara mata ɗan famfo, yadda iska ba ta shiga, giyar ta yi makonni ba ta lalace ba. Kwalin lita huɗu yana ɗauke da fiye da ma'auni 30 na barasa, a ƙasar da hukumar lafiyarta ta ba da shawara a 2020 cewa kada baligi ya wuce ma'auni 10 a mako, kuma ana samunsa a kan kuɗin da bai kai ladan aikin sa'a guda na mai mafi ƙarancin albashi ba. Wannan araha doka ce ta ƙera ta. Sauran kayan maye na sha, irin su biya da wuski, ana yanka musu haraji ne gwargwadon barasar da ke ciki. Giyar inabi kuwa tun 2000 ana karɓar kashi 29 cikin ɗari ne na farashin sari, don haka iyakar arahar giya iyakar sauƙin harajinta. Kwamitin duba haraji da Ken Henry ya jagoranta ya ba da shawara, a rahoton da aka fitar a 2010, cewa a daidaita, kowace barasa a auna ta da ƙarfinta. Gwamnati ta ƙi, ta kafa hujja da cewa masana'antar tana fama da cunkoson kaya. Har wasu manyan kamfanonin giya mai tsada sun goyi bayan sauyin, tunda su zai sauƙaƙa wa, amma har yau ba a yi ba.

Su wa ke shan kwalin? Ɗalibai, da matasa baƙi masu yawon duniya da jaka a baya, da tsofaffi masu ƙaramin fansho, da kuma waɗanda talauci ya kora gefen garuruwa irin su Alice Springs. A nan ya kamata a yi hattara da harshe, domin an daɗe ana yi wa Aborijinawa ƙazafin shaye-shaye, alhali ƙididdigar hukumomin lafiyar ƙasar ta sha nuna cewa kason waɗanda ba sa sha sam ya fi yawa a cikinsu fiye da a cikin sauran jama'a. Sai dai masu sha daga cikinsu sun fi cutuwa, kuma dalilin yana cikin tarihi: an biya kakanninsu ladan aiki da barasa da taba, sannan aka haramta musu ita da doka har zuwa shekarun 1960, abin da ya koyar da shan ɓoye da gaggawa. Dattawansu, musamman mata, su ne suka fi kowa yaƙin a rage kwararar giya mai araha zuwa garuruwansu. A Oktoban 2018 Yankin Arewa ya kafa mafi ƙarancin farashi, dala 1.30 kan kowane ma'auni, dokar da kusan giyar kwali kaɗai ta shafa, cinikinta kuwa ya faɗi ƙwarai. A 2025 sabuwar gwamnatin yankin ta soke dokar.

Za a ce mini, mene ne laifin mai juya kofi a Barossa a cikin wannan duka? Shi bai yi kwalin ba, bai rubuta dokar haraji ba, bai ƙwace ƙasar kowa ba. Laifinsa shi ne ya ara wa masana'antar fuska. Dalilin da ya sa ake iya ware giyar inabi daga sauran barasa, a kira ta amfanin gona, a kira ta al'ada, a kira ta abokiyar abinci, shi ne wannan harshe na zuma da masoro da naman rago. Maganar mahaɗi aikinta ke nan: ta mayar da barasa ɓangaren girki, kamar gishiri ko man shanu. Amma kwalbar Shiraz mai ƙarfin kashi 14.5 tana ɗauke da ma'auni takwas da rabi, kusan kason mako guda cur, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya abin sha mai barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar tun 1988, ba tare da ta ware mai tsada daga mai araha ba. Hanta ba ta karanta sunan gona. Jar riga guda ce ta lulluɓe kwalba da kwali, kuma masu ɗanɗano ne suka ɗinka ta.

Za a kuma ce masana'antar tana ciyar da dubban iyalai, ta raya ƙauyukan da da sun mutu. Haka ne, kuma waɗannan iyalai su ne na ambata ɗazu a kan taraktoci. Wanda ya damu da su ba zai gamsu da tsarin da ke ba su dala 300 a tan ba. Za a ce abubuwa suna sauyawa, wasu gidaje sun fara rubuta sunan al'ummar da ke da ƙasar a jikin kwalba, har akwai kamfani mallakar Aborijinawa, Munda, da ke sa wa giyarsa sunan ƙasar gargajiyar da inabin ya fito. Na ji, kuma hakan ya tabbatar da cewa abin da nake nema mai yiwuwa ne, rashin niyya ne ya hana.

Abin da nake nema kuwa bai fi ƙarfin takardar bayan kwalba ba. Dokar Ostireliya ta riga ta tilasta cewa idan aka rubuta sunan iri, ko shekara, ko yanki, to aƙalla kashi 85 cikin ɗari na abin da ke ciki ya zama haka ne, kuma akwai hukumar da ke bin diddigi tun daga gona har rumbu. Masana'antar da ke iya wannan lissafi za ta iya rubuta sunan kogin da aka ja ruwansa, da kuɗin da aka biya manomi a kan tan, da sunan mutanen da ƙasar take tasu. Na san za su ce wuri ya yi kaɗan. Haka suka ce lokacin da aka nemi su sa gargaɗi ga mata masu juna biyu: aka shekara ana ja-in-ja, har a kan ko za a buga shi da jan launi, sai a 2020 aka yanke hukunci, ya kuma zama tilas a 2023. Da dokar ta zo, wuri ya samu. A yanzu layukan da suka rage a takardar suna ɗauke ne da bayanin cewa giyar tana ƙanshin baƙin masoro, kuma ta dace da gasasshen naman rago.